Sandar da Aka Yi Birki da Ita

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, shi ma a lungu inda ba mai ganina. Ko a aji malama ta kira sunana sai muryata ta maƙale. Na san a garinmu ba a son yarinya ta fitar da zancen gida waje, na kuma san akwai waɗanda suka fi ni iya jera magana. Amma abin ya tsaya mini a wuya, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa, shi ya sa na ɗauki biro. Inda na yi tuntuɓe ku tsallake.

Sunana Catinca. Ina zaune a gidan Kawu Gavrila, yayan mahaifiyata, tun da ta tafi Italiya aikin kula da wata tsohuwa. Kawu kafinta ne, matarsa kuma Anti Domnica. Gidanmu kamar na kowa a layin yake: bene a gaba, falonsa ba a shiga sai da baƙi, kujerun har yau da ledarsu. Can baya kuma tsohon ɗakin girki, wanda aka mayar wa Kaka Anisia wurin kwana tun rasuwar kakanmu. Daɓen ɗakin yana da gangare, don da can ta kusurwa ruwan wanke-wanke yake fita. A wannan kusurwar aka ajiye gadonta.

Da sanyi ya fara shigowa, wani mai kuɗi daga birni ya ba Kawu aikin ƙofofi na katakon nuk, itacen nan mai duhu da nauyi. Katakon bai gama bushewa ba, rumfar aikin Kawu kuma ba ta da murhu. Falo yana da ɗumi, amma wa zai kai katako kan kafet ɗin Anti? Sai ɗakin Kaka.

Kawu ya haɗa keken ajiye katako da hannunsa. Kanta ce mai hawa-hawa, tsawonta ya kusa taɓa saman ƙofa, faɗinta bai wuce na benci ba. Manyan katakan ya jera su a hawan sama, wai kada danshin ƙasa ya taɓa su, ƙananan a ƙasa. Da ya turo shi ta tsakar gida sai ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha ya yi tatil.

Kaka tana zaune a bakin gado tana tsintar wake. Ta dubi ƙasan abin, ta daɗe tana dubawa.

"Gavrila, waɗannan ba tayoyin keken guragun babanka ba ne?"

"Su ne, Inna. Shi dai ai ya gama hawa."

"To ina birkin?"

"Na cire, yana tokare mini ƙarfe. Zai tafi a haka."

Wannan ita ce kalmar Kawu. Ƙofar gida da aka ɗaure da waya, zai tafi a haka. Tsani mai matakala ɗaya a karye, zai tafi a haka. Ba na jin akwai ranar da ba ya faɗinta.

Ya saki keken. A hankali, ba ƙara, ya fara bin gangaren zuwa gadon. Kawu ya tare shi da kafaɗa, ya ɗauki wani siririn guntun katako ya zura ta cikin wayoyin tayoyin biyu. Guntun ya yi ƙas, ya karye. Ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya faɗa kan sandar Kaka da ke jingine da gado. Marigayi kakanmu ne ya yanko mata ita a kan dutse, itace mai tauri kamar ƙarfe, mariƙinta ya yi santsi don shekaru.

"Ara mini, Inna. Gobe zan yanko wata."

Ya zura ta cikin tayoyin. Ta yi daidai kamar an auna. Keken ya tsaya cak.

Kaka ta yi dariya, ta ce da ni, "Kin gani, ƙawata? Sandata ta samu aiki, ni ce har yanzu ban samu ba."

Ni ma na yi dariya a ranar.

Gobe ta zo ta wuce. Kaka ba ta iya tsallake tsakar gida ba sanda, balle da ƙanƙara ta fara kwanciya. Da can kullum da hantsi takan fita bencin ƙofar gida su zauna da ƙawarta Todora, su ga mai wucewa, su yi gulmar duniya. Yanzu sai in na riƙe mata hannu, ni kuwa ina makaranta har la'asar. Da safe in kai ta bayi, da yamma in sake kai ta. Tsakanin nan tana zaune tana kallon katako, katako yana kallonta.

Da ta tuna wa Kawu, ya ce, "Inna, kin ga hannuna biyu ne. Bari in gama wannan."

Da ta sake tuna masa, Anti ce ta amsa. "Inna, ina za ki je ma a wannan santsin? Ki faɗi ki karye a ce ba mu kula da ke? Zamanki a ɗaki ai rufin asiri ne."

Sai kuma maganar wuta. Kawu ya shigo wata rana ya shafa katako, ya ga ɗan tsagu a bakin ɗaya. Ya buɗe murhu ya janye itace.

"Wa ya cika wutar nan? So kuke ku tsaga mini kayan mutane? Kaɗan-kaɗan ake ba shi ɗumi."

"Ni fa?" in ji Kaka.

"Ke ai kina da bargo."

Ya hana buɗe taga kuma, wai iska mai danshi za ta shigo. Ɗakin ya koma ba ɗumi ba iska, sai warin ɗanyen itace da ke sa ta tari. Ta fara kwana da rigar sanyi biyu da safa a hannu.

Na lura kofin ruwan da nake ajiye mata da safe ina samunsa a cike da yamma. Na ce, "Kaka, ba kya shan ruwa?"

"In na sha, wa zai kai ni? Ke dai yi karatunki."

Leɓɓanta suka bushe suka tsattsage. Duk da haka wata rana abin ya fi ƙarfinta kafin in dawo. Anti ta shigo ta toshe hanci da bakin ɗankwali, ta dire mata bokiti a gefen gado.

"Tsufa dai. Mutum ya koma jariri. Catinca, in kin dawo ke za ki riƙa zubarwa, ni zuciyata tashi take yi."

Kaka ta juya fuska bango. Matar da ta yi shekaru tana wanke wa mijinta jiki a kan keken guragu ba ta taɓa toshe hanci ba.

Na kawo mata sandar tsintsiya. Ta yi mata tsawo, ƙasanta yana zamewa, amma ta kai ta bakin ƙofa ta ga rana. Washegari Anti ta zo ta ɗauke. "Da me zan share gida? Da gashina?"

Na gwada zare sandar in sa wani abu a madadinta. Ina taɓawa keken ya yi wani nishi, katakan sama suka motsa. Kaka ta riƙe mini riga.

"Bari, 'yar nan. Ya fi ƙarfinki. In ya taho mu biyu zai haɗa."

Don haka na yi ta maza a wurin cin abinci. Muna cin mamaliga, wato tuwon masara, da cuku, na ce, "Kawu, a littafinmu an ce abu in yana da tsawo, gindinsa siriri, nauyinsa kuma a sama..."

"To, Malama ta fara darasi. Domnica, ajiye cokali." Ya juyo gare ni. "Littafin naki ya taɓa riƙe zarto?"

"A'a. Amma Kawu, katako cike da rumfa. Guntu ɗaya kawai."

"Wannan na aiki ne, ba a yanka shi a banza. Keken nan ya motsa tun da na ajiye shi? Bai motsa ba. To mene ne?"

"Sandar Kaka ce."

"Cinyewa na yi? Tana nan a gaban idonta. In katako ya bushe ta ɗauki abarta." Ya nuna ni da cokali. "Kuma kada in ga hannun kowa a jikin keken nan."

Kunnuwana suka yi zafi, na sunkuyar da kai. Ina tattara kwanuka na ji Anti tana ce masa ƙasa-ƙasa, "Ka bar shi yadda yake. Tun da ta daina zama a bencin nan na huta da bakin mutane. Da, ko miya na ƙona sai Todora ta ji."

Kawu ya ɗaga kofinsa na giyar tsuika ya shanye.

Todora takan zo ta tsaya a ƙofa da ɗan tuffa a aljihu. Anti ta tare ta da fara'a. "Ayya, barci take yi. Kin san jikin manya da sanyi." Ta karɓi tuffan. Ban taɓa ganin ya isa ɗakin baya ba.

Bayan sabuwar shekara Fada ya fara zagayen yayyafa wa gidaje ruwan albarka. Da aka ce ya shigo layinmu, gidan ya rikice. Anti ta goge wa Kaka fuska da tsumma mai ɗumi, ta ɗaura mata sabon ɗankwali, ta fesa mata turare. Kawu ya sungume ta kamar buhu ya kai ta falo, ya dasa ta a kan kujera mai leda. Tun da aka gina benen, ranar ce na fara ganinta zaune a ciki.

Fada ya yi addu'a, ya yayyafa ruwa a kusurwoyi, ya miƙa wa Kaka gicciye ta sumbata.

"Anisia, mun daina ganinki a coci. Ina sandar nan taki da kike korar karnuka da ita?"

Kaka ta buɗe baki. Anti ta dafa mata kafaɗa.

"Ai Fada, Inna ta daina buƙatar sanda. Mu ne sandarta yanzu."

Fada ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce da ma kowane gida haka yake. Kawu ya raka shi har ƙofa, bai bi da shi ta ɗakin baya ba. A nan falon aka kira mahaifiyata a waya don ta ga Kaka a kan kujera mai kyau. Mama ta ce yanzu ta dawo daga zagayawa da tsohuwarta a lambu, likita ya ce dole ta riƙa taka ƙasa kullum. Kaka ta ce, "Madalla, ki riƙe ta da kyau." Ana kashe wayar aka kwance ɗankwalin aka ninke, aka mayar da ita gindin keke.

Katako ya bushe ko bai bushe ba, ban sani ba. Kawu ya ɗebi wasu ya yi aiki, ya kawo sababbi ya ɗora a sama. Keken ya ƙara nauyi. Wayoyin taya ɗaya suka fara lanƙwashewa inda sandar ta tokare.

Sai Asabar ɗin matattu ta gabato, wadda ake yi kafin azumi. Kaka ba ta taɓa fashin ta ba. Takan kai kyandir kabarin kakanmu, ta miƙa wa wani talaka kwano da kofi ta saman kabarin, ta zauna ta ba marigayin labarin gida. Tun farkon mako ta fara roƙo.

"Gavrila, ranar Asabar fa."

"Na ji, Inna. A mota zan kai ki."

"Ka ba ni sandata kawai, Todora za ta riƙe ni."

"Na ce zan kai ki."

Ranar Asabar da sassafe mai ƙofofi ya kira, Kawu ya tada mota ya tafi birni. Anti ta sa kwat ɗinta mai gashi a wuya, ta cika kwando da burodi da koliva, dafaffiyar alkamar nan da ake sadaka da ita don matattu, ta ɗora mini.

Na ce, "Anti, Kaka fa? Ta riga ta shirya."

"Ni zan goya ta? Zan kunna masa kyandir da sunanta, duk ɗaya ne. Wuce mu tafi."

Na leƙa ɗakin. Kaka tana zaune a bakin gado cikin baƙaƙen kayanta na coci, takalmi a ƙafa, hannuwa a kan cinya. Na ce mata ina ajiye kwandon zan dawo in ɗauke ta. Ta ce, "To, ƙawata." Ba ni take kallo ba. Sandar take kallo.

A makabarta Anti ta ƙi sakina. Riƙe wannan, miƙa wancan, gai da matar wane. Ta tsaya a kan kabarin kakanmu tana share ido da hankici, mata suna cewa ba kowace suruka ce za ta yi haka ba. Da na samu ta juya baya, na ajiye kwandon na ruga.

Ƙofar ɗakin ta ƙi buɗewa sai da na sa kafaɗa. Keken ya bi gangaren ya daki ƙafar gado ya kife. Katakan sama duk sun sauko. Ƙafafunta da ƙugunta suna ƙarƙashi, kanta a jingine da gefen gado, kyandir ya karye a aljihunta. Sandar tana hannunta, ta riƙe ta gam.

Idonta biyu. Ta ce, "Kada ki ɗaga, za ki ji ciwo. Kira mutane."

Ban san irin ihun da na yi ba. Maƙwabta suka shigo, Todora ma, sai ga motar Kawu. Ya shigo ya tsaya, fuskarsa ta yi fari. Suka fara ɗaga katakan. Abin da na gani da idona shi ne wannan: kowane katako Kawu ya ɗaga, sai ya kai shi gefe ya kwantar a hankali, a jere, yadda ya saba. Na uku ko na huɗu, ya tsaya ya shafa bakinsa da babban yatsa inda ya ɓantare. Uwarsa tana ƙasa.

Kaka ta gan shi. Ta ce, da wata ƙaramar murya, "Ka ce zai tafi a haka, Gavrila. Ga shi ya tafi."

Ba wanda ya gane sai ni da shi.

Kafin motar asibiti ta iso, labarin ya riga ya samu siffa. Anti ce ta gyara shi a tsakar gida. "Mun ce kada ta taɓa. Sau nawa muka faɗa mata? Amma kun san tsofaffi da taurin kai. Hankalinta ma ya fara gushewa tun kwanaki." Kawu ya ce, "Wata da watanni abin nan yana tsaye bai motsa ba. Wa ya ce ta zare?" Mutane suka gyaɗa kai. Ba wanda ya tambayi abin da sandar tsohuwa take yi a cikin taya. Todora kaɗai ta dube su, ta tofar da yawu a kan ƙanƙara, ta fita.

Ƙugu ya karye, ƙirji ya cika da ruwa. Likita ya tambayi dalilin da jikinta ya bushe haka, Anti ta ce ai ba ta son ruwa tun tana yarinya. Kaka ba ta dawo gida da rai ba.

Tana kwance a asibiti Kawu ya je birni ya sayo sababbin tayoyi huɗu, kowace da birkinta ja. Ya faɗaɗa gindin keken, ya sauko da manyan katakan ƙasa. Yini ɗaya bai cika ba ya gama. Na ji yana gaya wa maƙwabci, "Ba zan sake yarda in yi asarar katako irin wannan ba."

Mai ƙofofi ya ƙi karɓar waɗanda suka ɓantare. Da su Kawu ya yi akwatin gawa. Ya goge, ya shafa mai, ya juya tabon ciki.

Aka shimfiɗe ta a falo, aka cire ledar kujeru. Gari duk ya zo. Maza suna shafa akwatin suna cewa, "Nuk ne fa. Ko magajin gari ba a sa shi a nuk ba. Anisia ta haifi ɗa." Kawu yana sunkuyar da kai yana cewa, "Uwa ai ɗaya ce." Mahaifiyata ta iso daga Italiya da kumburarrun idanu, ta rungume shi tana godiya. Murhu yana ci bal-bal, ɗakin har gumi ake yi. Ban taɓa ganin an hura wa Kaka wuta irin ta ranar ba.

Ina so in tambaye ku, ku da kuka ci koliva a gidanmu kuka ce Allah ya jiƙanta. Kun wuce bencin nan duk tsawon sanyi kun gan shi ba kowa. Kun san ɗakin da take kwana, don ku ma a irinsa kuka ajiye naku. Kun san akwai katako a rumfar Gavrila da zai isa gina coci. Guntu ɗaya mai tsawon hannu ake nema. An samu na akwati, an samu na gicciye, har da na bencin da masu makoki za su zauna.

Da lokacin rufe akwati ya yi, mata suka sa mata abin da ake sa wa mai tafiya: kyandir a hannu, hankici, ɗan burodi. A wurinmu tsoho ba ya tafiya sai da sandarsa, don hanyar can doguwa ce. Kawu ya ɗauko murfi. Sai Anti ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Gavrila. Sandarta."

Ta fita da sauri ta dawo da ita. Ta goge ta da bakin zanenta, har wurin da wayar taya ta ci itacen ya yi zobe. Ta kwantar da ita a gefen Kaka, ta gyara mata yatsu a kan mariƙin.

"Ku ji mu da mantuwa. Ta yaya Inna za ta yi tafiya ba sanda?"

Mata suka fashe da kuka. Wata a bayana ta ce, "Allah ya ba mu surukai irin Domnica."

Na ajiye farantin da ke hannuna a kan taga. Kowa yana kallon akwatin, Kawu ya fara buga ƙusa ta farko. Na bi jikin bango, na zare takalmina daga cikin tarin da ke bakin ƙofa, ban tsaya sawa ba. Na wuce keken a tsakar gida, birkinsa huɗu duk a danne. Todora tana zaune ita kaɗai a kan benci, ta matsa mini ba tare da ta dube ni ba. Ban zauna ba. Na bi ta bayan shinge kafin wani ya ce ina Catinca.